Lawali Mai Gilashi Ɗaya

Kowace safiya, da an fito daga sallar asuba a Jiga Makera, Malam Lawali Yalwa yakan zauna a kan tsohon turmin da aka kife a ƙofar zaurensa, ya ɗora kyamara a cinya, ya hura wa gilashinta numfashi, ya goge da wani ƙyallen rawani da ya girmi rabin masu ɗaukar hoton Jega. Sai ya zagaye wuyan gilashin da zoben roba da ya yanko daga tsohuwar tayar keke, domin in bai yi haka ba, da zarar ya rataya kyamarar tana kallon ƙasa, gilashin zai zazzago da kansa kamar harshen tunkiyar da ta sha rana. Ya sha kunu a tsaye. Ya tada babur a bugu na uku, don bai taɓa tashi a na farko ba. Inda zai dosa kuwa, ranar ce ke faɗa masa: Jega ranar kasuwa, inda direbobi da 'yan tireda ke neman hoton fasfo; Aliero, inda masu ɗori ke son a ɗaukar musu ƙafar da ta karye ranar da aka kawo ta da ranar da ta taka; Maiyama ko Kuberi, in akwai suna ko saukar karatu.

Shekara talatin da huɗu yana haka. Ashirin na farko da fim, lokacin da sai an aika Sakkwato a wanke, mutum ya yi sati biyu bai san ko idonsa a rufe ya fito ba. Sha huɗun baya da kyamarar zamani mai kati, da gilashi ɗaya tal. Bana zai ajiye sana'ar. Yanar ido ta fara rufe masa na dama.

Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma ba ni da al'adar yabon mai rai. Na ga da yawa da aka yaba da safe suka ba da kunya kafin la'asar. Na karya al'adar ne saboda ina cikin fushi. Saura kaɗan mutumin nan ya ajiye sana'arsa da sunan maci amana, ƙofofin gari guda a rufe a bayansa, a kan laifin da wasu suka aikata, suka kuma ba kansu lambar yabo a kai. Lawali ba shi da gonar kirki, ba shi da shago. Abin da ya tara a shekara talatin da huɗu guda ɗaya ne: in ya yi sallama a zaure, a ce masa ya shigo. Shi aka nemi a raba shi da shi.

Ga wanda bai san sana'ar ba: gilashin da ke gaban kyamara, wanda masu hoto ke ce wa lans, kwance shi ake yi a sauya. Akwai na kwashe taro gaba ɗaya, akwai na fuska, akwai dogo na jawo abin da ke nesa. Mai hoton yanzu yakan goyo jaka cike da su kamar mai tallan magani. Na Lawali irin wanda aka haɗa wa duk ayyukan ne. Murza nan, ya kwashe filin makaranta da mutanensa. Murza can, ya kawo maka fuskar wanda ke ƙarshen filin.

Ba zan yi wa gilashin nan ƙarya ba don ina son mai shi. Na karanta abin da masana suka rubuta a kan irinsa, ban ga inda suka zalunce shi ba. In an buɗe shi ya kwashe fili, bangon da magini ya sha wuya ya miƙar sai ya fito da ciki kamar tulu. In an miƙe shi iyakar tsawonsa, fuska ta yi laushi, gashin ido ya ɓace, kusurwoyin hoton su yi duhu. Ga shi mayunwacin haske: daga la'asar sakaliya, ko a ɗakin ƙasa mai taga ɗaya, sai ya yi ta laluben fuska yana gaba yana baya, hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. Kowane ɗaya daga cikin gilasan samarin nan ya fi shi a aikin da aka ƙera shi dominsa. Wannan gaskiya ce, Lawali ma bai taɓa musu ba.

Abin da masanan ba su rubuta ba, don ba su taɓa hawa babur daga Jega zuwa Kuberi ba, shi ne abin da ke faruwa in ka kwance gilashi a masussuka, ƙaiƙayin dawa yana tashi. Ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin kyamara, duk wanda za ka ɗauka daga ranar da tabo a goshi zai fito, mai gyara kuwa yana can Kano. Lawali bai buɗe cikin kyamararsa ko sau biyar ba a shekara goma sha huɗu. Ba su rubuta cewa tsohon da aka lallaɓa ya yarda a ɗauke shi ba zai jira ka gama tonon jaka ba. Babban kuwa ba su ma san da shi ba: a ƙasar nan baƙon namiji ba ya tsayawa taku biyu daga fuskar matar mutane. Gilashin fuska mai kaifin nan da ake yabo, kusa yake so. Na Lawali yakan bar shi ya tsaya inda mutunci ya ce ya tsaya, bakin zaure ko gindin danga, ya yi aikinsa daga can, ba wanda ya ji an shiga masa jiki.

A kan wannan ya kafa ƙa'idarsa, wadda duk gidan da ya taɓa shiga ya sani. In ya ɗauki hoton mace, sai ya miƙa kyamarar a kai mata ta gani. In ta ce a'a, nan take zai goge. In ta ce a bari, ita za ta faɗi wanda zai gani, daga nan ba ƙari.

Ba a bakin mutane na ji ƙa'idar nan ba. Matata Balkisu, Allah ya ji ƙanta, ta yi shekara talatin da ɗaya a gidana ba ta yarda an ɗauke ta ba, ban da na katin zaɓe, inda ta fito kamar an kama ta da laifi. Bayan addu'ar arba'in ɗinta Lawali ya zo mini da ambulan. Balkisu ce a bakin rudun ƙanenta, rumfar karan nan da ake adana albasa, tana dariya, hannunta ya taso zai rufe baki bai kai ba. Shekara shida da ɗauka. Na tambaye shi don me sai yanzu.

"Na nuna mata ranar, Malam. Tac ce in bar shi, amma kak ka gani sai ba ta nan. Wai za ka yi mata ba'a da giɓinta."

Da na yi kuwa. Shekara shida muna shan shayi da mutumin nan a teburi ɗaya, bai taɓa ko gyaran murya a kai ba. Hoton ba shi da kaifi. Shi kaɗai gare ni.

Shekara biyu da suka wuce samarin sana'ar suka kafa ƙungiya, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Hoton Zamani ta Jega da Kewaye, sunan ya fi 'yan ƙungiyar yawa. Shugabanta Haidar ne, mai shagon wanke hoto a bakin tasha, wanda Lawali ne ya ɗauki hoton ranar sunansa. Suka ƙirƙiro wani kati na ratayawa a wuya. Ba mai shiga cikin igiyar da ake kewaye dandamali da ita a babban taro sai mai kati, ba mai samun kati sai ya baje gilashi uku a kan tebur. Lawali ya je, ya ajiye ɗaya.

"Baba, ina sauran?" in ji Haidar.

"Suna ciki, dut ukun."

Aka yi dariya.

"Baba, wanga ai komai-da-ruwanka na, ba shi da kwaliti. Hotonka in an zuƙo shi a kwamfuta, awa an shahe shi da man shanu."

"Ɗana, mutanen da nike ɗauka ba su zuƙo iyayensu a kwamfuta. Bisa bango suke rataya su."

"Doka doka ta, Baba."

Lawali ya mayar da zoben robarsa, ya yi musu sai an jima.

A ƙarshen bara wata makarantar koyon aikin asibiti a Aliero ta yaye ɗalibanta. Cikin waɗanda suka gama akwai Yusufu, ɗan farin wata tsohuwa a Sabiyal da ake kira Inna Gudiya. Mai karatu na birni, bari in tuna maka abin da kakarka ta sani: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Inna Gudiya ta riƙe wannan kunya da irin ƙarfin da yanzu ba a samu. Mijinta ya rasu yaron yana aji uku. Ita ta yi ta suyar ƙuli-ƙuli da yankan albasa a gonakin mutane har ya kai inda ya kai, amma in za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Yusufu ya kai shekara talatin da biyar bai taɓa kama idonta a kansa ba. Ranar taron ta ce ba za ta je ba. Daga baya ta ce maƙwabciyarta kawai za ta raka. Ta zauna can ƙarshen fili a gindin bishiyar dogon yaro, ta ba dandamali baya.

Masu kati suna cikin igiya. Lawali yana waje tare da masu sayar da ruwa. Jawabai suka cinye rana kamar yadda suka saba, ba a fara kiran sunaye ba sai da inuwa ta miƙe. Da aka zo kan Yusufu, Haidar yana durƙushe, kyamara a buɗe a cinya, yana sauya gilashi don ya sami fuskar babban baƙo da kyau. Lawali kuwa ya san Sabiyal, ya san wanda za a kira, don haka bai dubi dandamali ba. Ya murza gilashin iyakarsa, ya juya ga dogon yaro. Lasifika ta faɗi sunan. Tsohuwar ta waiga. Bai kai tsawon numfashi ɗaya ba ta mayar da kai, ta ci gaba da gyara bakin mayafi. Amma hoton ya riga ya shiga kyamara.

Nan ne, Lawali, ka yi kuskurenka ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi ba, tunda kai ma ba ka ɓoye ba. Ba ka nuna mata ba. Ta yaya za a kai wa irin wannan uwa shaidar cewa an kama ta tana kallon ɗan farinta? Sai ka nuna wa ɗan.

Yusufu ya dubi bayan kyamarar, ya zauna a ƙasa da babbar rigar taron a jikinsa.

"Baba, ashe tana kallona?"

"Sau guda dai nig gani."

"Don Allah kak ka goge. Guda ɗaya, ƙarami, na aljihu. Ba mai gani sai ni."

Lawali ba shi da injin wanke hoto. Ya kai katin shagon Haidar kamar yadda ya saba, ya nuna wanda za a fitar, aka kira azahar, ya bar katin ya tafi masallaci. Mutumin da ya shekara shida yana tsare hoto ɗaya, bai taɓa zuwa ransa cewa ɗan sana'a zai leƙa katin ɗan'uwansa ba. Kafin ya sallame an kwafe.

Sabuwar shekara ta zo da kalandar ƙungiya, guda ɗari uku, aka rarraba wa masu shayi, mahauta, 'yan tasha da teloli. A tsakiyarta ga Inna Gudiya ta waiga, girman faranti. A ƙasa an rubuta "Ƙaunar Uwa", ƙasa da nan kuma sunan Haidar. Ƙungiyar ta zauna a ƙarƙashin shugabancin Haidar, ta zaɓi hoton ya zama hoton shekara, ta miƙa wa Haidar lambar yabo. A jawabin miƙawa an yabi laushin hasken hoton, an yabi duhun gefuna mai jawo ido zuwa tsakiya. Man shanun nan dai da aka yi wa dariya. Ya zama fasaha, tunda suna ya sauya a ƙasansa.

Attahiru, ƙanen marigayi mijin Inna Gudiya kuma babban gidan a yanzu, ya shigo Aliero da lodin albasa, ya zauna shan shayi, ya ɗaga kai ya ga matar yayansa a bango, ana kora burodi a ƙarƙashinta. Ya koma gida ya bincika. Yusufu ya faɗi gaskiya, ya fito da na aljihunsa. To, an san wanda ya ɗauka, guda ɗaya aka yi alkawari, ga shi ya zama ɗari uku. Wa za a zarga? Inna Gudiya ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa suna, don da ta fito sai ta ji ana "ga ta kalanda". Ranar da Lawali ya je Sabiyal wani suna, Attahiru ya tare shi tun bai kashe babur ba.

"Mai hoto, juya."

"Attahiru, saurara in gaya ma..."

"Shekara nawa muna buɗe ma zaure? Matanmu, ɗiyanmu, ba mu taɓa ce ma tsaya waje ba. Ashe kasuwa za ka kai mu. Matar yayana bisa bangon mai shayi, 'yan tasha na mata kallon 'yar wasa! Ba ni son jin komi. Garin ga ka gama shiga gida."

Lawali bai ambaci Haidar ba. Ya ce, "Laihina na. Ni niɗ ɗauka, ban nuna mata ba." Ya juya babur. Maganar ta riga shi isa ko'ina, har a Kuberi aka fara ce masa maigidan ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa.

Ni na je wurin Haidar, don ba ni da haƙurin Lawali. Na same shi yana goge lambar yabonsa.

"Haidar, da wane gilashi ka ɗauki tsohuwar nan?"

"Malam, sirrin sana'a na."

"Lokacin kana durƙushe ka ba ta baya. Ko da ƙeya kake ɗauka?"

Sai ya faɗi maganar da nake so kowa ya ji: "Malam, abin da yas shiga kwamfutata nau na. Kuma ai ɗaukaka ta munka yi. Wa yas san ta dauri?"

Wa ya san ta a da. Mace ta yi shekara talatin da biyar tana ɓoye kallo ɗaya, an liƙa shi a bango ɗari uku, wai an ɗaukaka ta. Na koyar da yara shekara talatin, ban san a wane aji muka daina koyar da abin da yaron nan ya rasa ba.

Na ce wa Lawali mu kai ƙara. Ya ƙi.

"In munka kai ƙara, Malam, sai an ɗaga hoton gaban mutane an ce a duba. Kallon da tas sha ya isa."

"To sunanka fa?"

"Ba ni ajiye kyamara da ƙohwa ruhe bayana. Amma ba da baki za ni buɗe ta ba."

Washegari ya je shagon Haidar, ya tsaya a gefen kanta daga hantsi, bai zauna ba, bai ce komai ba. Duk wanda ya shigo sai ya gaishe shi ya tambayi lafiya, shi kuma ya dubi Haidar. Kafin la'asar Haidar ya goge hoton daga kwamfuta a gabansa, ya kuma faɗa masa inda aka rarraba kalandun, don dai ya rabu da shi.

Daga nan Lawali ya fara bin bango. Sati bakwai, ana tsakiyar cire albasa, lokacin da ake bukukuwa mai hoto ke samun aikin shekara, shi yana yawo daga shago zuwa shago. Ya yi sallama, ya roƙa. In an ƙi, ya ce a yi musaya: a ba shi kalanda, ya ɗauki mai shagon hoto, shi da iyalinsa. Sambo, mahauci a kasuwar Jega, ya ba ni labarin nasa.

"Yaz zo yac ce in ba shi kalandata. Nic ce, Mai hoto, da mi za ni san ranar kasuwa? Yac ce, Sambo, kai da ƙudaje ke gaya ma ranar kasuwa? Nic ce ba ni badawa, tsohuwar ga na kama da innata. Yac ce, to da innarka ta, ka so ta wuni tsakanin ƙugiyar nama da kayan ciki, kowa na kallo? Wallahi Malam, ni da kaina nih hau benci nis sauke ta. Har da goge mata jini da hannun riga. Yac ce zai ɗauke ni hoto, nic ce bar shi, wagga huska ba ta bango ba ta."

Ba kowa ne Sambo ba. Akwai wanda ya zage shi, akwai wanda ya ce tsufa ya fara taɓa masa kai. A Maiyama wani tela ya ce ya aika wa surukinsa tasa a Kuberi. Lawali ya bi ta, babur ya mutu a hanya, ya tura. Wani direba ya liƙa tasa a bayan kujera, sai da Lawali ya yi kwana biyu yana zuwa tasha kafin motar ta dawo daga Yawuri. Ya sami wata an naɗe ƙosai da ita, ya karɓa da man a jiki. Dattijo mai shekara sittin da uku, ido ɗaya yana tafiya, yana roƙon mutane su taimake shi ya ɓatar da mafi kyawun hoton da ya taɓa ɗauka. Ƙungiya kuwa tana zaman shirya kalandar baɗi.

Ya haɗa ɗari biyu da tamanin da bakwai. Ya ɗaure su da igiya a bayan babur, ya nufi Sabiyal da hantsi. Na bi shi a kan kabu-kabu, don in an wulaƙanta shi a sami mai ramawa da baki. Bai yi sallama a zaure ba. Ya sauke ƙunshin a ƙofar gida, ya ja baya taku goma, ya tsaya. Attahiru ya fito, ya kwance igiyar, ya yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya: mai man ƙosai, mai tabon jini, mai baƙin hayaƙin shayi. Ya ɗago ya dubi Lawali.

"Dut kai kab bi su?"

"Sha uku sun gagare ni."

Sai ga murya daga bayan asabarin zaure. Inna Gudiya ce.

"Attahiru, miƙo min guda. Kowa ya gani ban da ni."

Ya zaɓi mai tsabta ya miƙa. Muna jin motsin takardar. Lawali ya sunkuyar da kai, yana murza zoben robarsa.

"Wagga tsohuwa wa ta?"

Muka dubi juna.

"Ni ban ga kamata ba. Huska dut ta narke, awa an dube ta cikin ruwa. Wa yac ce ni ta? Don mayafi? Mata nawa ad da irin shi Sabiyal?"

Attahiru ya buɗe baki, ya kuma rufe. Mutum ne mai hankali.

"Kuma ko ma wa ta, ai tsuntsu take kallo bisa icce. Mai hoto, kyamararka ta tsuhwa, ba ta gani."

"Ta tsuhwa, Inna," in ji Lawali.

"To a ƙone wa'annan. Wagga guda a bar min, takardar na da kauri, ta yi shimhiɗar ƙasan adaka." Sai ta ɗaga murya. "Kai kuma ka tsaya can awa baƙo don mi? Attahiru, shigo da shi zaure, a kawo mai hura."

Daga ranar duk Sabiyal ta yarda ba ita ba ce. Duk Sabiyal kuma ta san ita ce. Ta koma zuwa rijiya. Har yau in za ta ambaci Yusufu "wancan" take cewa.

Da gilashin Haidar ne ya ɗauki hoton nan, da kowane layi na fuskarta ya fito, da ruwan da ya taru a gefen idonta kowa ya gan shi, da ba ta da wurin ɓuya. Laushin da aka kore shi bayan igiya a kansa, shi ya bar wa tsohuwa hanyar fita da mutuncinta. Na sake duba rubutun masana, ban sami wannan a jerin amfani ba, ban same shi a jerin aibu ba.

Kai ne, Lawali, na bayan igiya, mai gilashi ɗaya da fuska ɗaya. Kai ne ka san cewa abin da ido ya kama ba naka ba ne, na mai fuskar ne. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya, ka amsa shi da bakinka, ka bi shi da ƙafarka har ka kamo. Gidaje nawa ne daga Jega zuwa Maiyama da ba su da fuskar mamacinsu sai wadda ka bar musu? Nawa ɗaya ne daga ciki. Na gode. Allah ya saka maka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa na mutane, ya bar maka idon hagu.

Ku kuma samari, ku ci gaba da goyo jakunkunanku, ba wanda ya hana. Gilasanku sun fi nasa, na faɗa, na kuma maimaita. Amma kafin dattijon nan ya rataye kyamararsa, ku je Jiga Makera da safe ku same shi a kan turminsa, ku tambaye shi abin da ba a sayarwa da kyamara: a ina ake tsayawa, kuma wa ake fara nuna wa. Lambar yabon tana nan a shagon bakin tasha, ana goge ta kullum. Ba mu nemi a dawo da ita ba.

Abin da muke nema sha uku ne. Suna nan a wasu bangaye tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, kuma na san Lawali, duk shagon da ya wuce har yanzu sai ya rage gudu ya leƙa da idon da ya rage masa. In ɗaya tana bangonka, hau benci ka sauke ta, ka naɗe ta fuskar tana ciki, ka kai masa. Kada ka bari ya sake tura babur zuwa Kuberi.